Ina Sauran Yaran Shanghai Suka Shiga?

Ranar 7 ga Disamba, 2010, ƙungiyar OECD, wadda ta tattara ƙasashe masu arziki kuma take da hedikwata a birnin Faris, ta fitar da sakamakon jarrabawar PISA ta 2009. Tun shekarar 2000 aka fara wannan jarrabawa, a lokacin duk bayan shekara uku ake yin ta, ana auna 'yan makaranta masu shekara 15 a lissafi da kimiyya da fahimtar rubutu. Finlan da Koriya ta Kudu aka saba gani a sahun gaba. A wannan karon sai ga baƙon da bai taɓa shiga ba ya yi awon gaba da komai. Birnin Shanghai na ƙasar Sin ya zo na ɗaya a dukkan fannonin uku, da maki 600 a lissafi, 575 a kimiyya, 556 a fahimtar rubutu. Da aka sake a 2012, tazarar ƙaruwa ta yi. Shanghai ta sami 613 a lissafi, Birtaniya 494, Amurka 481. Bisa ma'aunin masu jarrabawar, yaron Shanghai ya yi wa tsaransa na Birtaniya nisan karatun kusan shekara uku.

Hankalin manyan jami'an gwamnatocin Yamma ya tashi. Sakataren ilimi na Amurka, Arne Duncan, ya ce wannan gargaɗi ne ga ƙasarsa ta farka. Shugaba Barack Obama, a jawabinsa gaban majalisa a Janairun 2011, ya tuna wa Amurkawa firgicin da suka shiga a 1957, lokacin da Tarayyar Sobiyat ta riga su harba tauraron ɗan'adam na Sputnik. A Birtaniya, ministan ilimi Michael Gove ya rubuta a jaridar Daily Telegraph a ƙarshen 2010 cewa yana son a yi juyin al'adu a makarantun ƙasarsa irin wanda aka yi a Sin, har ya kwatanta gyaran da ya sa a gaba da doguwar tafiyar tsohon shugaban Sin, Mao Zedong. A Fabrairun 2014 kuma Elizabeth Truss, ƙaramar ministar ilimi wadda daga baya ta zama firaminista, ta ja tawaga zuwa Shanghai don gane wa idonta yadda ake koyar da lissafi. Zancen da ya cika gari a lokacin shi ne, 'ya'yan masu shara da leburorin Shanghai sun fi 'ya'yan likitoci da lauyoyin Birtaniya iya lissafi.

Sai cece-kuce ya ɓarke. Masu suka suka tuna wa Gove cewa Juyin Al'adu na Mao, daga 1966 zuwa 1976, zamani ne da aka rufe jami'o'i, ɗalibai suka riƙa dukan malamansu har wasu suka rasa rayukansu, aka kuma dakatar da jarrabawar shiga jami'a sai a 1977. Wasu suka ce abin kunya ne zaɓaɓɓun shugabanni su riƙa yi wa makarantun ƙasar da ke ƙarƙashin mulkin kama-karya kirari, ƙasar da jam'iyya ɗaya ke juya ta, babu jarida mai 'yanci, babu ƙungiyar malamai mai cin gashin kanta. Magoya baya suka ce lissafi ba ya da jam'iyya, kuma girman kai ne mutum ya ƙi koyo wurin wanda ya fi shi.

Ana ta wannan ja-in-ja, amma ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya da babu wanda ya tsaya ya bincika: kowa ya ɗauka makin Shanghai hoton ilimin ƙasar Sin ne. Ashe can ƙarshen rahoton, cikin jadawalin da ba kowa ke leƙawa ba, akwai wani adadi da ya ƙi zama daidai.

Adadin da ya ƙi zama

Wanda ya ja hankalin duniya gare shi shi ne Tom Loveless, tsohon malamin aji wanda ya koma mai bincike a cibiyar Brookings da ke Washington. A ƙarshen 2013 ya lura cewa rahoton PISA na 2012 ya ce yawan masu shekara 15 a Shanghai kusan 108,000 ne. Ƙidayar jama'a ta 2010 kuwa ta nuna mazauna birnin sun kai miliyan 23. A wannan jadawali, ƙasar Fotugal, mai mutane kimanin miliyan 10 da rabi, ita ma kusan 108,000 take da su.

Lissafin ba shi da wuya. Shanghai ta ninka Fotugal a yawan jama'a har da ɗoriya. Da rabon yaranta ya yi daidai da na Fotugal, da za a sami masu shekara 15 fiye da 230,000 a cikinta, kuma Fotugal ɗin ma ba ƙasa ce mai yawan haihuwa ba. Wato akwai giɓin yara sama da 100,000 na shekara guda tak. Ruwa ba ya tsami banza. Ina waɗannan yara suka shiga, kuma da suna nan aka yi jarrabawar da su, me makin zai zama?

Zato na farko: maguɗi

Abin da ya fara faɗo wa mutane da yawa a rai shi ne an yi coge. Wataƙila hukumomi sun tsince ɗalibai masu ƙwazo sun tura su, ko kuwa an fallasa tambayoyin kafin ranar jarrabawa.

Wannan zato bai sami gindin zama ba. A tsarin PISA, ana tattara sunayen dukkan makarantun yankin, sannan a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a a ƙarƙashin kulawar ƙwararru na waje, a sake zaɓar ɗalibai daga cikinsu haka nan. A Shanghai an gwada ɗalibai sama da 5,000 daga makarantu kimanin 150. Masu jarrabawar ma sun nuna suna iya hukunta wanda samfurinsa bai inganta ba, domin a 2015 sun cire sakamakon Ajantina daga babban jadawali saboda matsalar jerin makarantun da ta bayar. Babu wata hujja da ta fito fili da ta nuna an yi satar amsa a Shanghai. Bayan haka, Singafo da Hong Kong da Taiwan da Koriya ta Kudu duk suna sahun gaba a lissafi, don haka ganin wani birni na gabashin Asiya a sama ba abin mamaki ba ne. Yaran da aka gwada sun iya lissafin da gaske. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Zato na biyu: ba a haife su ba

Masu kare sakamakon suka kawo bayani mai nauyi. Tun wajen 1980 ƙasar Sin ta kafa dokar haihuwar ɗa ɗaya, aka kuma fi tsananta ta a manyan birane. A Shanghai haihuwa ta yi ƙasa ƙwarai, har ta kai tun 1993 masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa yawa a tsakanin 'yan asalin birnin. Waɗanda suka cika shekara 15 a 2012 a tsakiyar wannan ƙarancin aka haife su. Saboda haka, in ji su, yaran ba ɓacewa suka yi ba, tun farko ba a haife su ba.

Akwai gaskiya a nan, kuma ta cike wani ɓangare na giɓin. Sai dai ƙidayar 2010 ta nuna mazauna Shanghai kashi biyu ne. Kimanin miliyan 14 suna da rajistar birnin. Sauran kusan miliyan 9, wato kusan kashi 40 cikin ɗari, 'yan ci-rani ne daga larduna irin su Anhui da Jiangsu da Henan da Sichuan. Su ne masu ɗora bulo a dogayen benaye, masu aiki a masana'antu, masu sharar titi, masu raino da wanke-wanke a gidajen masu hali. Da yawansu samari ne da 'yan mata da ba su yi aure ba, amma akwai miliyoyi masu iyali. Ƙarancin haihuwa ya bayyana dalilin ƙarancin 'ya'yan miliyan 14. Bai ce komai ba game da 'ya'yan miliyan 9.

Masanin ƙaurar jama'a Kam Wing Chan na Jami'ar Washington ya jera 'ya'yan 'yan ci-ranin Shanghai bisa shekarunsu, sai wani abu ya bayyana. Suna da yawa a shekarun yaye da farkon firamare. Daga nan sai adadinsu ya yi ta zubewa yayin da suke tunkarar shekara 14 da 15. Sannan ya yi tsalle sama a shekarun da matasa ke shigowa birni neman aiki. To, an haifi yaran, sun ma zauna a birnin. Wani abu ne yake kwashe su daidai lokacin da suke dab da shekarun jarrabawar.

Takardar da ke raba yara

Abin da ke kwashe su wata takarda ce da ake kira hukou, rajistar gida da gwamnatin Mao ta mayar doka a 1958. Kowane ɗan ƙasa an ɗaure shi da wani wuri, kuma gadon wurin ake yi daga iyaye. Yaron da aka haifa a asibitin Shanghai, idan iyayensa 'yan wani ƙauye ne a Anhui, a takarda shi ma ɗan wannan ƙauyen ne ko da bai taɓa taka shi ba. Mai karatu a Najeriya zai tuna da takardar shaidar zama ɗan asalin jiha, amma hukou ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba, domin makarantar gwamnati da tallafin lafiya da fansho duk a jikinta suke rataye.

Ga yadda take aiki a kan ɗalibi. Dokar 1986 ta wajabta karatun shekara tara, wato firamare da ƙaramar sakandare. Daga 2008 Shanghai ta yi ƙoƙarin buɗe wa 'ya'yan 'yan ci-rani ƙofar wannan mataki kyauta, kuma wannan abin yabo ne. Amma a ƙarshen shekara ta tara, lokacin da yaro yake wajen shekara 15, akwai jarrabawar shiga babbar sakandare da ake kira zhongkao. A lokacin da ake maganar, wanda ba shi da rajistar Shanghai ba ya samun shiga babbar sakandaren da ke kai mutum jami'a, sai dai makarantar koyon sana'a. Jarrabawar shiga jami'a kuwa, gaokao, a lokacin dole ne ɗalibi ya rubuta ta a lardin da hukou ɗinsa yake. Shanghai tana da nata littattafan da nata tambayoyin, daban da na sauran larduna.

Uban da ke aikin gini a Shanghai, yana da ɗa mai kaifin ƙwaƙwalwa, zaɓi biyu gare shi. Ko ya bar yaron kusa da shi ya haƙura da jami'a, ko ya mayar da shi ƙauye tun yana shekara 12 ko 13 domin ya saba da littattafan lardinsu kafin jarrabawa. Dubban iyaye na biyun suke zaɓa. Yaro ya hau jirgin ƙasa ya koma hannun kaka, ko ɗakin kwanan makaranta, ya riƙa ganin iyayensa sau ɗaya a shekara lokacin bikin sabuwar shekarar Sinawa. Wasu ma tun suna jarirai aka bar su a can. A 2013 Ƙungiyar Matan Sin ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin jam'iyya mai mulki, ta ƙiyasta cewa yaran karkara miliyan 61 ne ke rayuwa babu uwa ko uba ko duka biyun a tare da su, saboda sun tafi ci-rani.

A shekarar 2012 ɗin da Shanghai ta ci maki 613, wata yarinya 'yar shekara 15 da ta tashi a birnin tun tana ƙarama ta gama ƙaramar sakandare, aka hana ta ci gaba saboda rajistar gidansu ta lardin Jiangxi ce. Ta ƙi komawa, ta shiga intanet tana neman haƙƙinta. Wasu 'yan asalin birnin suka yi mata ca, suna kiran 'yan ci-rani fari masu cinye amfanin wasu. A watan Disamba 'yan sanda suka tsare mahaifinta na wasu kwanaki bayan sun fito zanga-zanga a dandalin birnin. A 2013 Shanghai ta ɓullo da tsarin tara maki, inda iyayen da suka kai maki 120 'ya'yansu za su iya zama jarrabawar a birnin. Amma takardar digiri da babban aiki su ne suka fi kawo makin, abubuwan da lebura ba shi da su.

Yanzu sai a sake duba zancen 'ya'yan masu shara da suka fi 'ya'yan likitocin Birtaniya. Galibin masu irin wannan aiki a Shanghai 'yan ci-rani ne, kuma da yawa daga cikin 'ya'yansu sun riga sun bar birnin kafin ranar jarrabawa. Waɗanda aka auna su ne waɗanda suka rage bayan an yi tankaɗe.

Me masu jarrabawar suka ce?

Andreas Schleicher, Bajamushen da ke jagorantar PISA, ya fara da musantawa da kakkausar murya. Ya ce masu suka suna riƙe da tsohon labari, Shanghai ta gyara dokokinta, kuma akwai 'ya'yan 'yan ci-rani cikin waɗanda aka gwada. Zhang Minxuan, wanda ya jagoranci jarrabawar a Shanghai, shi ma ya tsaya a kan haka. Ta wata fuskar ba ƙarya suka yi ba. Ƙa'idar PISA ita ce a gwada masu shekara 15 da ke makaranta a yankin a ranar da aka zo. Yaron da aka mayar Anhui yana shekara 13 ba ya cikin waɗanda aka cire, domin ba ya cikin lissafin tun asali. Babu dokar jarrabawa da aka karya. Dokar ƙasa ce ta riga ta yi aikin tun kafin masu jarrabawa su iso.

A watan Maris na 2014, Schleicher ya bayyana gaban kwamitin ilimi na majalisar dokokin Birtaniya, ya ce samfurin Shanghai ya wakilci kashi 73 cikin ɗari na masu shekara 15 da ke birnin. Wato fiye da ɗaya cikin huɗu na waɗanda suke zaune a birnin ma ba su shiga ba, balle waɗanda aka riga aka tura ƙauye.

Akwai kuma wani abin. Shanghai ba ta kai kashi 2 cikin ɗari na jama'ar Sin ba, kuma arzikin da ke kan kowane mutum a cikinta ya ninka matsakaicin ƙasar fiye da sau biyu. Sauran ƙasashe da ƙauyukansu da unguwannin talakawansu aka auna su. Schleicher da kansa ya shaida wa BBC a 2012 cewa an yi gwajin a wasu lardunan Sin, har da yankunan karkara, ya kuma yaba abin da ya gani. Amma ba a wallafa wannan sakamako ba, don haka babu mai bincike na waje da ya iya tantance shi.

Gwajin da ya warware zare

Hujja mafi ƙarfi daga jarrabawar kanta ta fito. A 2015 Sin ta faɗaɗa wakilcinta zuwa yankuna huɗu: Beijing, Shanghai, Jiangsu da Guangdong. Guangdong shi ne lardi mafi yawan jama'a, sama da miliyan 100, yana da biranen masana'antu irin su Shenzhen da Guangzhou, yana kuma da yankunan karkara masu fama da talauci. Sakamakon ya zube. Lissafi ya sauko zuwa 531, na shida a duniya. Kimiyya 518, na goma. Fahimtar rubutu 494, kusan daidai da matsakaicin ƙasashen OECD. A shekarar ce aka koma yin jarrabawar a kwamfuta, kuma mai yiwuwa hakan ya taɓa makin, amma Singafo da Japan ma a kwamfutar suka yi, suka kuma tsaya a sama.

A 2018 aka cire Guangdong aka sa Zhejiang, lardi mai arziki da ke maƙwabtaka da Shanghai. Sin ta koma ta ɗaya a komai: lissafi 591, kimiyya 590, fahimtar rubutu 555. Cikin shekara uku kimiyya ta tashi da maki 72. Babu wani gyaran koyarwa da ke kawo irin wannan tsalle a ɗan wannan lokaci ga jama'a masu yawa haka. Abin da kowa ya ga an sauya shi ne waɗanda aka ƙirga. Kwandon tumatir ne aka jera manya a sama, mai saye bai sa hannu ya tona ƙasa ba. Ko waɗannan yankuna huɗu na 2018 kimanin kashi 13 cikin ɗari ne kawai na jama'ar ƙasar.

Me ke ƙasan kwandon? Scott Rozelle na Jami'ar Stanford ya shafe shekaru da dama yana bincike a makarantun karkarar Sin. A littafin da ya fitar a 2020 tare da Natalie Hell, mai suna Invisible China, ya nuna cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari ne kawai na ma'aikatan ƙasar suka yi babbar sakandare, kuma mafi yawan yaran ƙasar rajistar karkara gare su. Tawagarsa ta tarar da ɗimbin 'yan firamare a larduna matalauta suna fama da ƙarancin jini, wasu ba sa ganin allo saboda rashin tabarau.

To daga ina ƙwarewar ta fito?

Saura tambaya ɗaya. Yaran da aka gwada sun iya lissafi da gaske. Me ya ba su?

Na farko malamai ne. A Shanghai malamin lissafi lissafi kawai yake koyarwa tun daga firamare. Darasi biyu ko uku yake yi a rana, sauran lokacin ya duba aikin yara, ya kira wanda bai gane ba ya gyara masa a ranar kafin a wuce gaba. Malaman fanni ɗaya suna zama duk mako su tsara darasi tare, suna shiga ajin juna su kalla su yi gyara. Hukuma takan ɗauki makaranta mai ƙarfi ta ɗora mata nauyin farfaɗo da mai rauni.

Na biyu lokaci ne da kuɗin iyaye. Rahoton PISA na 2012 ya nuna ɗalibin Shanghai yana kashe kusan awa 14 a mako kan aikin gida, alhali matsakaicin ƙasashen OECD kusan awa 5 ne, Finlan kuma ba ta kai 3 ba. Ga kuma darasin bayan makaranta da iyaye ke biya da tsada. Nauyin ya kai ga hukumar lafiya ta ƙasar ta bayyana cewa a 2018 kashi 81 cikin ɗari na 'yan babbar sakandare ba sa gani daga nesa. A Yulin 2021 gwamnatin Sin da kanta ta hana kasuwancin darasin bayan makaranta a manyan darussa, ta kuma rage aikin gida. Abin da ministocin Yamma suka je yabo, masu shi suna neman hanyar rage shi.

Na uku gida ne. A 2014 John Jerrim na Cibiyar Nazarin Ilimi ta Landan ya duba yaran da aka haifa a Ostireliya, suka yi karatu a makarantun Ostireliya, amma iyayensu 'yan gabashin Asiya ne. Ya tarar sun fi sauran yaran ƙasar da maki kusan 100 a lissafi, sun kusa taɓa makin Shanghai, alhali ba su taɓa zama ajin wata makarantar Sin ba. Babban rabo na ƙwarewar daga tarbiyyar gida da darajar da ake ba karatu yake fitowa, kuma yana bin iyali duk inda suka je.

Ingila ta gwada saye. Daga 2014 aka fara musayar malamai da Shanghai, a 2016 kuma minista Nick Gibb ya ware fam miliyan 41 domin makarantun firamare 8,000 su rungumi salon. Da Jami'ar Sheffield Hallam ta auna musayar malaman, rahotonta na 2019 ya ga ɗan ci gaba a ƙananan azuzuwa inda aka bi salon sosai, amma bai ga shaidar sauyi a sakamakon 'yan shekara 11 ba. Salon yana da amfaninsa, sai dai bai kawo tazarar shekara uku ba, domin ba daga aji kaɗai tazarar ta fito ba.

Hukunci

Zaren ya warware. Ba a sace amsa ba, ba a kuma ƙirƙiri maki ba. An auna birni mafi arziki a madadin ƙasa mai mutane sama da biliyan 1.3, kuma a cikin birnin ma wata doka ta riga ta kori da yawa daga 'ya'yan talakawa kafin ranar awo.

Ƙasar Sin ta yi abin a zo a gani a ilimi. A 1949 mafi yawan jama'arta ba su iya karatu da rubutu ba, ƙidayar 2020 kuwa ta nuna marasa iyawa ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba. Malaman Shanghai sun cancanci a koya daga gare su. Amma duk abin kirkin da ke ajinsu, horar da malami, ba shi lokaci, bibiyar yaron da ya makara, babu wanda yake buƙatar kama-karya. Japan da Koriya ta Kudu da Taiwan da Estoniya suna zaɓen shugabanninsu, jaridunsu suna sukar ministocin ilimi, kuma suna sahun gaba a wannan jarrabawa da ƙauyukansu duka. Abin da kama-karya ta ƙara shi ne ikon zaɓar wanda za a ƙirga, da ɓoye sakamakon da ba a so a gani, da tsare uban da ya fito yana nema wa 'yarsa gurbi. Wannan iko ne kuma ya tilasta koyar da wasu darussa da Sinanci a maimakon harshen Mongoliya a 2020 duk da zanga-zangar iyaye, shi ne ya hana yaran Musulmin Uigur na Xinjiang karatun addini, shi ne ya sa ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka koka a 2023 cewa yaran Tibet kusan miliyan ɗaya suna makarantun kwana nesa da iyayensu da harshensu. Jami'in da ya yabi tsarin a dunƙule, ya sani ko bai sani ba, ya haɗa da wannan a yabonsa.

Laifin ministocin shi ne sun tafi inda aka kai su, sun ga abin da aka nuna musu, suka dawo suka gina manufa da kuɗin jama'a a kansa. Mu ma shugabanninmu suna zuwa irin wannan ziyarar, suna kuma karanta mana adadin waɗanda suka ci WAEC da NECO a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara sama da miliyan 10 ba sa zuwa makaranta. Duk ranar da wani jami'i ya ɗaga wani adadi yana yabon wata ƙasa ko yana yabon kansa, mai karatu ya yi masa tambaya uku: yara nawa aka gwada, yara nawa ya kamata a gwada, kuma ina sauran suke?